Malam Isiya Mai Firij da Magen Hajiyata

Malam Isiya ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsugune ina wanke fuska a bayan ɗakin da muke kwana a nan Bali, jihar Taraba. Ƙanwata Maryam ce ta kira. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Yaya Bashir, Malam Isiya fa babu."

Na ce wane Malam Isiyan? Sai ka ce guda goma gare ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An ce ya sallame sallar asuba a masallacin layinmu a Kurmin Mashi, ya ja baya ya jingina da bango yana lazimi kamar kullum. Mutane suka watse, shi bai tashi ba. Ladan ne ya je ya taɓa shi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

An kai shi bayan azahar. Ni ina nan, tsakanina da Kaduna tafiyar yini ce cur har da ɗoriya. Ban gan shi ba, ban kama makara ba, ban zuba ƙasa ba.

Na gaji, wallahi. Tun safe ban sa komai a cikina ba, kuma ba aikin da na taɓa. Amma in ban rubuta wannan yau ba, ban san ranar da zan iya ba.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Isiya maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Mai gyaran firij ne, shagonsa yana Doka. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don ina yaro na san shi da gemunsa. Injiniya yake kirana, ba don girmamawa ba, don tsokana, tun ranar da na buɗe fankar Hajiyarmu zan gyara na ƙarasa ta.

Kuma shi ne yake yi wa magena allura safe da yamma.

Na san akwai mai karantawa ya ce mutum ya mutu, Bashir yana maganar mage. Faɗi abinka. Maryam ta riga ka tun da safe.

Sunanta Tasalla, magen mahaifiyata ce. Da Hajiya ta rasu aka gama zaman makoki, 'yan'uwana kowa ya koma gidansa, gida ya rage daga ni sai ita. Ba ni da mata, wannan ba sai na faɗa ba, kun sha yi min tsiya a kai a shafin nan. In na dawo daga tafiya na buɗe ƙofa na yi sallama, Tasalla ce kaɗai ke amsawa. Ina son magen nan, ba na jin kunyar faɗa.

Bara ta fara rama, alhali tana ci kamar gara. Ruwa kuwa ba ya isarta, har bakin famfo take bi tana lasa. Sai na lura kiyashi na taruwa a inda take fitsari. Na saka ta a kwali na kai ta wajen likitan dabbobi, ya ɗibi jini, ya ce ciwon suga ne.

Da na dawo na faɗa wa Malam, dariya ya yi har sai da ya dafa bango.

"Suga? Mage? To ita kuma wane shayi take sha a ɓoye?"

Ni ban yi dariya ba, don na ji abin da likita ya jero min. Allurar insulin sau biyu a rana, kullum, ba hutu. Sai ta ci abinci kafin a yi mata. Ba shinkafa, ba tuwo, ba burodi, sai kifi da nama. Maganin a firij zai zauna, amma kada ya daskare. In an daina yi mata, ciwon zai cinye ta a hankali. In kuma aka zarce ƙa'ida, suganta zai faɗi ƙasa warwas, wannan ma ya fi saurin kisa.

Ni kuma aikina haƙa rijiyoyin burtsatse masu sola ne. Wannan watan Taraba, wata mai zuwa Adamawa. Inda aka samu nan ake kwana, wani lokaci ajin makaranta, wani lokaci shagon da ba a gama ginawa ba. Ba wuta, balle firij. Ina zan kai mage mai allura?

Na gwada kai ta gidan Maryam a Rafin Guza. Ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi ci ta ƙi sha, kuma in ba ta ci ba, ba allura. Dole na je na ɗauko ta. Har na fara tunanin ajiye aikin, ni da ba ni da wani.

Ina zaune a ƙofar gida na yi tagumi, Malam ya dawo daga shago, ya kafe babur ɗinsa, ya dube ni.

"Injiniya, kawo makulli."

Na ce Malam, ba abin wasa ba ne fa, kullum ne, sau biyu.

Ya ce, "Ni da nake sa hannu a bayan firij yana kan wuta, allurar mage ce za ta gagare ni? Kawo makulli, ka nuna min inda ake sokawa."

Ranar farko sai da ta yage masa bayan hannu. Ya dubi jinin ya ce, "To, mun gaisa."

Likita ya ce a riƙa duba agogo, a raba tazarar daidai. Malam ya ce shi agogo ba ya masa aiki, na hannunsa ma ya tsaya tun zamanin da. Sai ya ɗaure abin da sallah. In ya fito masallaci da asuba ya shiga gidana, in ya fito da magariba ya sake shiga. Na kira likita na tambaya, ya ce hakan ya yi daidai. Haka aka zauna, allurar asuba da allurar magariba.

Matarsa, Anti Rabi, tun farko ta yi magana a fili. Tana yin yogot da zoɓo na sayarwa, ta ce maganin dai ya zauna a firij ɗinta, amma mage ba za ta taka mata gida ba. "Gashi ɗaya ya faɗa min a robar yogot, an gama da ni a layin nan." Gaskiyarta ce, ban taɓa jin haushi ba. Ga ta kuma da tsoron allura, ko a talabijin aka nuno ana yi wa wani sai ta kau da kai. Malam ya samo gwangwanin madara ya saka kwalbar a ciki, ya ajiye a ƙofar firij.

Kullum bayan magariba sai saƙon murya ya shigo min. Kusan magana ɗaya ce, amma ban taɓa gajiya da jinta ba.

"Injiniya, majinyaciya ta ci, an soka, ta zage ni, mun rabu lafiya."

Wani lokaci sai netwok ya ɗauke kwana da kwanaki, in na hau tudu su shigo a jere. In zauna a kan dutse ina ta saurare, leburorinmu suna kallona suna zaton budurwa ce.

Lokacin da taransifomar unguwarmu ta ƙone aka daɗe ba wuta, a filas yake saka kwalbar da ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ya tafi da ita shago. A can sai ya saka ta a duk firij ɗin da yake gwadawa da janareta. Wata rana ya fita sallar la'asar, mai firij ya zo ya ɗauki kayansa a Keke Napep, da maganin Tasalla a ciki. Malam ya hau babur ya bi shi har Rafin Guza, ya yi sallama a gidan mutane ya ce ya zo ɗaukar maganin mage. Ya ce matar gidan ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, "Baba, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Da yake ba ni labarin ni kunya ta kama ni. Shi kuwa dariya yake yi har da hawaye.

Akwai ranar da ba a yi dariya ba. Ta ci kaɗan, ya yi mata allura, ya tafi. Zuciyarsa ba ta kwanta ba ya dawo, ya same ta tana tangaɗi, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, idonta ya juye. Suga ne ya faɗi. Ya kira ni, na ce zuma, Malam, shafa mata zuma a dasashi. Ya ruga gida ya ɗebo ta Anti Rabi. Ya zauna a ƙasa da ita a cinya har ta dawo hayyacinta. Ranar bai je shago ba. Daga baya ya ce min, "Na ɗauka na kashe maka amana."

An ɗaura auren ɗan ƙaninsa a Zariya, ana shirin walima ya ce shi zai wuce. Aka ce haba Malam, ko abinci ba ka ci ba. Ya ce yana da mara lafiya a Kaduna. Har aka bi shi da addu'ar Allah ya ba ta lafiya, bai faɗa musu mage ce ba, ya ce amin.

'Yan majalisar bakin masallaci suka sa masa suna Likitan Mage. Bai taɓa nuna ya ji zafi ba. Ya ce musu, "Ita ma rai gare ta. Kuma tunda nake da ita ba ta taɓa dawowa ta ce gyarana bai yi ba."

Rabuwarmu ta ƙarshe, ranar da zan taho nan ne. Na fito da jakata da sassafe, na same shi zaune a kan dakalin tsakar gidana, ya gama yi mata, tana kwance a kan ƙafarsa. Na ga yana mayar da numfashi. Na ce Malam lafiya? Ya ce gajiya ce kawai, jiya ya taya yara sauke wata firiza.

Na ce masa na ɗora masa nauyi da yawa, in na dawo wannan karon zan nemi wata hanya.

Ya harare ni. "Wace hanya? Aure za ka yi?"

Na ce wa ya sani.

"To ka yi mu gani. Amma ka faɗa mata tun wuri akwai mai gida a gidan." Ya shafa kan Tasalla. Sai ya ce, "Ka tafi aikinka, Injiniya. Mutane na jiran ruwa. Nan ka bar min."

Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da mai Keke, ya ce in na samu fiya mai kyau in riƙo masa. Shi ke nan. Ban ma waiwaya ba, don na ɗauka zan dawo in same shi.

Yanzu bari in faɗi yadda yinin yau ya kasance min, don shi ne ya sa na kasa tashi daga inda nake.

Da Maryam ta faɗa min, na yi kuka, kukan da rabona da shi tun rasuwar Hajiya. Ina cikin kukan wani abu ya faɗo min a rai. A masallaci abin ya same shi. Ke nan bai shiga gidana ba. Tasalla na kulle tun magaribar jiya, ba abinci, ba allura, ruwan da ke kwanonta kuma ba ya kai mata yini. Makullin gidan yana aljihun rigar da ya je masallaci da ita.

Na sake kiran Maryam, na fara, "Maryam, Tasalla fa..."

Ta ce, "Yaya, kana da hankali kuwa? Gawa na kwance ko wanka ba a yi ba. In shiga in ce wa matarsa me? A lalubo min aljihunsa?"

Ba ta yi ƙarya ba.

Na ce to a samu wani ya fasa kwaɗon. Ta ce in dai ina so a yi ta zancena har in mutu, to. Ashe an kafa rumfa tun daga ƙofar gidansu har ta rufe tawa. Tabarmin masu karɓar gaisuwa a jikin get ɗina aka shimfiɗa su, dattawa sun jingina da shi. Wa zai zo da guduma ya ce liman ya matsa?

Haka na yini. In ɗauki waya in ajiye. Na nemo lambar Anti Rabi ya fi a ƙirga, in na zo dannawa sai in ji kamar an riƙe min hannu. Me zan ce? Anti, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, af, magena fa? Mutumin da ya yi min abin da ɗan'uwa bai yi min ba, ranar mutuwarsa in kira gidansa da wata buƙatar?

In na ce bari in haƙura kuma, sai in gan ta a bayan ƙofa tana jiran ƙarar makulli. Ko yanzu na kama hanya, sai gobe da yamma zan isa. Mage mai suga, ba ruwa, cikin zafin nan.

Na yi wa Malam addu'a, tunanin mage ya shigo. Na yi tunanin mage, na ji kamar na ci amanar Malam. Kaina har ciwo yake.

Ana kiran magariba a ƙauyen nan, lokacin da na saba jiran saƙonsa, sai wayata ta yi ƙara. Sunansa ne a kai.

Anti Rabi ce, da wayarsa. Muryarta ta dishe, da ƙyar nake ji.

Na fara, "Anti, ya haƙurinmu..."

Ta ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa, Bashir. An kawo min rigarsa. Makullinka na hannuna."



Ta ce tun la'asar take ji kamar kukan mage ta katanga, mata sun cika ɗaki, ta kasa magana. Da maza suka tashi suka tafi masallaci sallar magariba, tabarmi suka zama ba kowa, sai ta tura babbar 'yarsu Walida ta naɗe ɗaya ta buɗe get ɗin. Ita ba ta da halin fita, ta shiga takaba. Don haka Walida ta naɗo Tasalla a zani ta shigo da ita ta cikin mata, ta kai ɗakin Malam, suka rufe ƙofa.

Na ce Anti, ba za ta ci ba a baƙon wuri, na santa.

Ta ce, "Ta sha ruwa kamar ba gobe. Ta shinshina rigar, ta hau kai ta zauna. Walida ta ɓare mata kifi, ga ta nan tana ci. Ga gwangwanin, ga sirinji a cikin ledarsa. Faɗa min yadda ake yi."

Anti Rabi fa. Wadda ko a talabijin ba ta kallon allura.

Na share fuskata na fara yi mata bayani. Kada ki girgiza kwalbar, ki murza ta a tafin hannu a hankali. Ki juya ta ƙasa, ki soka, ki ja zuwa layi na biyu.

Ta ce, "Na biyu. To. Ta asuba da ba a yi ba kuma sai in haɗa in rama mata, ya zama huɗu ke nan."

Na buɗe baki zan ce a'a, netwok ya ɗauke.

Jama'a, ban san ina da sauran gudu a jikina ba. Na fita ba takalmi, ina ɗaga waya sama kamar mahaukaci. Babu ko layi ɗaya. Na nufi hasumiyar tankin da muka kafa, na kama tsanin ƙarfe na hau har sama, leburori suna ta kirana, Oga lafiya, Oga lafiya. Layi ɗaya ya shigo. Na kira wayar Malam, ana kan magana, masu gaisuwa ne. Na sake kira, haka. Ba ni da lambar Walida. Na kira ta Anti Rabin, tana ta ringin a wani ɗakin ba mai ɗauka.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Tun da aka fara abin nan da asuba da magariba take jin ana kiransa. Abin da duk aka ɗaure da sallah, in ya kuɓuce, ai ramawa ake yi. Da ni ne a matsayinta haka zan yi tunani. Amma huɗu a jikin magen da ta yini da yunwa, ko isha'i ba za ta kai ba. Kuma a hannun matar da ta binne mijinta yau, a ɗakinsa, a kan rigarsa. Wannan ne ya fi tsaya min a rai, fiye da magen ma.

Ina saman tanki ina ta Ya Allah, Ya Allah, kiran ya shiga.

Na ce, "Anti kada ki soka! Kin soka?"

Ta ce, "Na ja huɗun. Hannuna ne ke rawa, na ce bari in jira ka dawo."

Na zauna a kan ƙarfen. Na ce Anti ki mayar da biyu cikin kwalba. Wannan ba a rama ta. Wadda ta wuce ta wuce, ta yanzu kawai za ki yi.

Na ji ta ja numfashi, ta maimaita a hankali, "Wadda ta wuce ta wuce." Sai na ji tana kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Walida na gefe tana cewa Mama ki yi haƙuri, kawo in yi. Anti ta ce a'a, ita za ta yi.

Na ce ki kama fatar bayan wuyanta ki ɗaga, za ki ga ta yi kamar 'yar rumfa. Ki soka a gindin, a kwance, ba a tsaye ba. Ki danna.

Na ji ta ce bismillah. Na ji Tasalla ta yi 'yar ƙara.

"Na yi. Ta harare ni."

Na ce haka take yi wa Malam ma.

Na fara yi mata godiya, ina cewa gobe zan kamo hanya, in na iso zan ɗauke ta, ba zan bar mata wannan wahalar a kan wadda take ciki ba. Yogot ɗinta ma fa.

Ta katse ni. "Bashir, ka zo ka yi gaisuwa ka koma aikinka. Ka bar ta a nan. Ni yanzu ba inda za ni, wata huɗu da kwana goma ina cikin gidan nan."

Na ce Anti...

Ta ce, "Kullum in an yi magariba ina jin ya buɗe firij, ya fita, ya dawo yana wanke hannu yana ba ni labarin rashin kunyarta. Yau aka kira sallah na rasa inda zan sa kaina. Ka bar min ita. Da asuba ma zan tashi in san akwai abin da ke jirana."

Na daɗe a saman tankin nan bayan ta kashe wayar. Sai da direbanmu ya hau ya riƙo ni muka sauko.

Gobe in Allah ya kai mu zan kama hanyar Kaduna.

'Yan Kurmin Mashi da duk wanda zai je gaisuwa, ina roƙon alfarma. In kun ga mage a gidan, kada a kore ta, kada yara su ba ta shinkafar sadaka, kuma a riƙa ja wa ɗakin Malam ƙofa. Masu saka ruwa a firij, akwai gwangwanin madara a jikin ƙofar, a bar shi inda yake.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku ya zo gare Ka daga cikin ɗakinKa, da alwalarsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ya huta. Tausayin da ya nuna wa abin da ba ya iya cewa na gode, Ka nuna masa wanda ya fi shi. Ka ba Walida da ƙannenta haƙuri. Ka dafa wa Anti Rabi a kwanakin nan masu tsawo, Ka tsayar mata da hannunta gobe da asuba.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Ko ba ka san shi ba, ka ɗaga hannu ka ce Allah ya jiƙan Malam Isiya, ka sa matarsa a ciki.